Akwai Mutum a Ciki

Yayana Eusebio Carrasco, wanda kowa a unguwarmu a garin Mesa ke kira Chebo, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana jan motar kwaɓa siminti. Yawancin unguwannin da suka tsiro a gabashin gari, inda a da gonakin lemo ne da na auduga, shi ya kai musu kankare. In muna wucewa sai ya nuna wani gini da haɓa ya ce, "Wancan ni na zuba masa gindi."

Mutum ne mai faɗa, amma faɗansa a baki yake ƙarewa. Duk tsawon aikinsa bai taɓa goge ko madubin wani ba, alhali motar da yake ja in ta hau ƙaramar mota ko sunanta ba za a samu ba. Ya kan ce tuƙi gaisuwa ce. Ka kalli mutum, ya kalle ka, ka ɗaga masa yatsa biyu daga kan sitiyari, ya gane ka ba shi hanya, gobe shi ma ya ba wani. Wanda bai iya wannan ba, a wurin Yaya, bai iya mota ba ko da lasin goma ne a aljihunsa. Shi ke kai mu ko'ina: biki, asibiti, iyakar ƙasa in za a je ganin dangi. Matarsa Ofelia ba ta taɓa koyon mota ba, don ba ta ga dalili ba. Ni kuwa, Herlinda, ƙanwarsa, na koya amma tsoron babban titi ya sa na bari tuntuni, bas nake hawa zuwa kicin ɗin makarantar da nake aiki.

Ciwon suga ne ya ci masa ido. A hankali ya ci, har ya zama tsakiyar duk abin da ya kalla hazo ne, sai gefe-gefe yake gani. Yana gane mota da launinta, amma ba ya gane fuska, ba ya karanta allon hanya. Rannan aka ƙi sabunta masa lasin. Ya dawo, ya wanke a-kori-kurarsa tas, ya miƙa makullin ga Garrett, mijin 'yarsa Noemi. Daga nan ya zauna a baranda, watanni, yana sauraren motocin da ke wucewa yana faɗin abin da ke damun injin kowace.

Amma dole ya riƙa zuwa asibitin ido ana yi masa allura, ga likitan suga, ga ɗakin magani. Noemi da mijinta suna wurin aiki da rana. Bas kuma a bazararmu, tsayuwa jiransa kaɗai ta isa ta kwantar da mai lafiya. Sai Noemi ta saka masa abin kiran motocin nan marasa direba a waya, ta koya masa yadda zai yi da murya.

"Ni zan shiga motar da ba kowa?" in ji shi. "Gara ki ɗora ni a kan jaki. Shi aƙalla yana da kunne."

"Baba, gwadawa kawai za ka yi."

Ni na raka shi ranar farko. Farar mota ta zo ta tsaya a ƙofar gida, sitiyari na juya kansa. Yaya ya shiga baya yana gunaguni, ya ɗaura bel, ya harɗe hannu. Muka yi nisa. Sai da ta sha wata kwana, ta kunna sigina tun da wuri, ta rage gudu daidai inda ya kamata, na ji ya yi gyaran murya.

"Wanda ya koya mata ya san aiki," ya ce, kamar ana zare masa haƙori.

Ba mu kai danja ta gaba ba wata baƙar mota ta faɗo gabanmu daga hannun dama, ba sigina ba komai. Tamu ta taka birki, jakata ta zame ƙasa. Yaya ya kai tafin hannu gaba da ƙarfi, inda hon yake zama, ya daki bayan kujera.

"Ba za ta yi masa hon ba?"

"Ga shi ba ta yi ba."

"Ya yanke ta kamar kabewa, ta ja baya ta ba shi wuri?"

Ta ba shi wuri kuwa, har da ƙari. Wani ya ga filin da ta bari, shi ma ya shige. Tun ranar Yaya ya raɗa mata suna Marainiya, wai ba ta da uban da zai tsaya mata.

Daga baya shi kaɗai yake zuwa, kuma duk ranar da ya fita sai na sha labari da yamma in na biya gidansu. Idonsa ba ya gani sosai, amma jikinsa ya san hanya. Daga yadda birki ya kama ya san abin da aka yi musu. A mahaɗar da kowa ke tsayawa, wanda ya riga zuwa ya riga wucewa, Marainiya za ta riga kowa isa, amma da sun hango kujerar direba wayam sai su bi juna su wuce, na farko, na biyu, har wanda ya zo yanzu-yanzu. Ta ɗan motsa, wani ya kutso, ta tsaya. Masu kai kaya su yi fakin a gabanta su shiga shago. Wasu samari sun taɓa jerawa da ita a kan titin Broadway suna matso ta gefe da gangan, su ga yadda take kaucewa, suna dariya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne fitowa daga harabar asibitin ido. Ƙofar tana buɗewa ne kan titi mai cunkoso, sai wani ya ɗaga maka ƙafa za ka shiga. Ba mai ɗaga wa Marainiya. Na bayansu su yi ta danna hon, wasu su hau gefen hanya su zagaye su, shi kuwa yana zaune a baya da ido ɗaya a liƙe da auduga, allura na yi masa zugi.

"Linda, ba motar ke ba ni haushi ba," ya ce mini wata rana. "Ita abin da aka ce ta yi take yi. Mutanen nan ne. Da ni ne a bisa babbar motata, wa ya isa? Ashe duk gaisuwar da muke yi a hanya tsoro ne. Sun ga wadda ba ta ramawa, kowa ya fito da halinsa."

Na ce, "To ai katanga in ta yi gajarta kowa tsallaka ta yake."

"Ni ne a bayan katangar, shi ne ba su sani ba."

Sai ya shiga dabaru. Ya bar kujerar baya ya koma ta gaba, gefen da ba sitiyari, don a riƙa ganinsa. Ya tono tsohuwar rigarsa ta aiki, ruwan lemo mai ƙyalli, yana sakawa in zai fita. Yana sauke gilashi ya fito da hannu, zafi na dukan fuskarsa, yana ɗaga wa mutane yatsa biyu. Wasu in sun gan shi sukan ji kunya su tsaya. Amma kafin Marainiya ta gama tabbatar da cewa da gaske aka ba ta hanya, mai haƙurin ya gaji ya wuce. Ya sa Ofelia ta rubuta masa da manyan baƙaƙe a jikin kwalin takalmi: AKWAI MUTUM A CIKI. Ya manna a gilashin gefe. Ba a yi nisa ba wata murya ta fito daga rufin motar, muryar wata ma'aikaciyar kamfanin, cikin ladabi.

"Malam Carrasco, don Allah a cire abin da aka liƙa a gilashi."

"'Yata, kina ganin abin da suke yi mana?"

"Muna gani, ranka ya daɗe. An tsara motar ne ta fifita lafiyarka."

"Lafiyata? Jinina ya hau tun daga titin Dobson. Ba ku da wani maɓalli da zan danna ta yi ƙara, ko sau ɗaya?"

"Zan isar da shawararka."

Ya cire kwalin, ya riƙe shi a cinya har gida.

Ran wata Lahadi muka taru a gidansu cin menudo, miyar tumbin da Ofelia ta fi kowa iyawa. Garrett yaron kirki ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yana girmama Yaya, ba ya zama sai ya zauna. Amma ranar bakinsa ya riga hankalinsa. Noemi ta tambaye shi yadda aka yi ya iso da wuri daga garin Tempe, sai ya yi dariya.

"Ai yanzu na gano sirrin. In layi ya yi tsawo, sai in nemi farar motar nan in shiga gabanta. Dole ta tsaya. Ba zagi, ba hon, ba wanda zai biyo ka. Duk abokan aikina haka suke yi."

Cokalin Yaya ya tsaya a hanya. Ofelia ta kalle ni, na kalli kwanona.

"Da wace mota kake yin haka?" in ji Yaya.

Garrett ya gane, amma ya makara. "Baba, ai galibi ba kowa a ciki."

"Na ce da wace mota?"

"Da taka, Baba."

"Kana leƙawa ka ga ba kowa kafin ka shiga?"

"Gilashin bayansu duhu ne."

"Duhu ne. To bari in gaya maka wanda ke bayan duhun. Tsoho ne da aka tsira wa allura a ido. Mace ce da jariri. Wanda ya sha magani aka ce kada ya yi tuƙi. Masu ƙafa da ido irinka suna cikin motocinsu. Wanda ke cikin waccan, ba shi da wata ne." Ya ture kwanon. "Ran Talata an yi mana haka a gaban kantin magani, wuyana har yau bai saki ba. Ja ce motar, babba. Ban ga lamba ba, ka san ba na gani."

"Ba ni ba ne, Baba. Ran Talata ina garin Gilbert."

"Na sani. Da kai ne da na gane ta da kukan injinta. Amma me ya raba ku?"

Noemi ta ce a bar maganar haka, abinci na hucewa. Garrett ya ba da haƙuri har sau nawa, kunnuwansa sun yi ja. Yaya bai ƙara cin komai ba, ya tashi ya koma baranda. Da za su tafi na ji yana ce wa Garrett ya duba man giyar motar, ya ji tana jan ƙafa.

A ƙarshen bazarar nan Wendell Yazzie ya rasu. Tare suka fara aiki da Yaya a kamfanin siminti, tare suka tsufa a ciki, kuma shi kaɗai ne cikin abokan aikin da bai daina zuwa baranda ba bayan idon ya tafi. Aka sa jana'iza ran Asabar da safe a wata ƙaramar coci a tsohon gari, iyalin kuma suka roƙi Yaya ya yi magana a kansa. Kwana biyu yana maimaita abin da zai faɗa, Ofelia na sauraro. Ita gwiwa ta hana ta fita, Noemi na aiki, Garrett ya ce zai zo ya kai mu. Yaya ya ce a'a, ya gode. Na yi masa magana, ya ce ai ba fushi yake ba, kawai ba ya so. Muka kira Marainiya, muka fita da sauran lokaci mai yawa, shi cikin baƙar kwat, da sandarsa.

Kusa da cocin ana gyaran bututun ruwa. An haƙe hannunmu na titin, an jera robobin nan masu ruwan lemo, ya rage hannu ɗaya, kuma da yake Asabar ce ba ma'aikacin da ke tsaida motoci. Sai dai a yi ta juna, waɗannan su wuce, su tsaya, waɗancan su wuce. Motocin da ke gabanmu suka samu suka shige. Da aka zo kanmu, na wancan ɓangaren suka hango wadda ke jira, sai suka ɓalle kamar an buɗe dam. Wani na bin wani, ba mai barin ko taku ɗaya. Marainiya ta ɗan leƙa, ta ja baya. Ta sake leƙawa, ta sake ja. Na bayanmu suka fara hon. Wani ya fito daga layi ya zagaye mu ya cusa kai, masu tahowa suka tsaya masa, don shi sun ga zai iya gogar su. Ya wuce, suka rufe.

Yaya ya danna maɓallin kira. Wani saurayi ya amsa, ya ce suna ganin halin da ake ciki, motar na neman damar da ba haɗari, ko kuma su juya da mu ta wata hanya. Amma juyawa ba wuri, an toshe mu ta baya.

"Ƙarfe nawa, Linda?"

Na gaya masa. An riga an fara.

"Mu sauka mu taka," na ce.

"Da wannan ranar? Ke da hawan jini, ni da suga? Sai a haɗa mu da Wendell."

Sai kawai na ji ya kwance bel. Kafin in kama hannunsa ya buɗe ƙofa ya fita.

"Yaya, dawo. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

"Rufe ƙofar, kada ta ce ita ce ta hana ta tafiya."

Ya lallaba da sanda ya bi gefen robobin har tsakiyar hannun da ya rage, ya tsaya, ya ɗaga sandar sama. Tsoho cikin baƙar kwat a tsakiyar kwalta. Motar farko ta ja birki har ta yi ƙara. Wata mata ce a ciki, ta sauke gilashi.

"Baba, lafiya? Ka ɓata ne?"

"Ban ɓata ba. Jana'iza za ni, ga motata can kun hana ta wucewa."

Ta leƙa. "Ayya. Na ɗauka ba kowa a ciki."

"Haka kowa ke ɗauka. Ki ɗan ja baya."

Ta ja, na bayanta ma suka ja, wasu na zagi. Hanya ta buɗe fetal. Yaya ya juyo yana yi wa Marainiya alama da hannu, irin yadda ya saba yi wa direbobi a wurin gini. Ba ta motsa ba. Ya sake yi, da ƙarfi. Shiru. A allon da ke gabana na ga an zana ɗan mutum tsaye a kan hanya.

Na sauke gilashi. "Yaya, kai take jira."

"Me?"

"Ta ga mutum a titi. Ba za ta taho ba sai ka kauce."

Ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan ya matsa gefe, ya raɓe jikin robobin. Yana matsawa wani mai babur ya fito daga bayan matar nan ya shige, wata mota ta bi shi, layin ya sake ɓallewa. Matar ta ɗaga hannu tana ba da haƙuri, ita ma ta wuce, don ana ta yi mata hon.

Ban taɓa ganin fuskar yayana haka ba. Bai yi zagi ba, shi da zagi ba ya yi masa wuya. Ya tsaya a gefen rami, gumi na bin wuyan kwat ɗinsa, motoci na wucewa dab da shi.

Wata motar kwashe shara ce ta cece mu. Direban ya iso bakin wurin, ya ga tsoho a tsaye, ya ga farar mota, ya gane. Ya gindaya motarsa ta cike hanyar, ya ja birkin hannu, ya sauko da kansa ya kamo Yaya ya kawo shi ya sa a mota. Ya koma ya zauna, na bayansa na ta ihu, bai ko waiga ba. Marainiya ta yi nazarinta ta gama, ta taho a hankali ta wuce ta gefensa.

Mun isa ana fitowa da akwatin. Ɗan Wendell ne ya yi maganar da aka ajiye wa Yaya. Matar marigayin ta riƙe hannunsa ta ce ba komai, ta san hanya ce. Wasu tsofaffin abokan aikinsu suka ɗauke mu zuwa maƙabarta, kuma a can, bayan an watse, Yaya ya tsaya bakin kabarin ya faɗi abin da ya shirya, ni da masu rufe ƙasa muna ji.

Bayan wannan ya je taron unguwa da ake yi da jami'an gari, ya yi bayani, aka tafa masa, wani jami'i ya ce ana nazarin lamarin. Wani maƙwabcinmu ma tashi ya yi ya ce a kwashe motocin gaba ɗaya, su ke haddasa cunkoso. Yaya ya ce masa in an kwashe su shi zai riƙa kai shi asibiti? Mutumin ya zauna. Garrett ya rantse ya daina abin da yake yi. Noemi ta ce in tana motar dai ba ya yi.

Yanzu Yaya ya mayar da duk ganin likitansa tsakar rana, lokacin da zafi ke korar kowa daga titi, kwalta har laushi take yi. Likitar idonsa ta yi masa faɗa, ta ce mai suga ba ya yawo a wannan lokacin, ta ba shi na safe ya ƙi. Jiya na same shi a baranda ya dawo, Ofelia na ɗora masa jiƙaƙƙen tawul a ƙeya, shi kuma yana shan ruwan ƙanƙara.

"Yaya, wannan ranar za ta kashe ka."

"Mutum biyu kawai suka yanke mu yau," ya ce. "Ɗaya ma ina jin kuskure ya yi."

"Ɗayan fa?"

Ya kurɓi ruwa, ya ajiye kofin a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Ɗayan ya ɗago mini hannu yana dariya. Ya gan ni sarai."